Ƙafar Direban Dogon Likita

Auta na tsaye a gaban injin buga takardu tana jiran shafukan kashi na ƙarshe su fito, sai mai gadi ya leƙo ya ce wani dattijo yana bakin ƙofa, ya rantse ba zai motsa ba sai ya ga wadda ke rubuta wasan Dogon Likita.

"Ka ce masa ya kunna rediyo da yamma," in ji ta, ba ta ko waiwaya ba. "Kowa so yake a raɗa masa sunan ɓarawon kafin lokaci."

"Wannan ba tambaya ya zo yi ba. Cewa ya yi ya riga ya sani, shi ya sa ya zo."

Dogon Likita dai mutum ne na gaske. Shi ya buɗe asibitin farko a garin tun kakanni suna samari, ya rasu tun kafin a haifi Auta, kuma har gobe hotonsa na nan rataye a zauren asibitin. A iya sanin kowa, bawan Allahn nan bai taɓa binciken satar ko cokali ba. Auta ce ta ɗora masa wannan aiki. Ta ɗauko shi da asibitinsa da shekarar annobar da tsofaffi ke ba da labari, sannan ta ƙirƙiro akwatin magani da ya ɓace daga sito, yara na mutuwa, likita na bin sawu. Gidan rediyon bai taɓa yin shirin da ya kama gari haka ba. Teloli na tsayar da keke in an fara, a cikin bas kuwa sai ka ji mutanen da ba su san juna ba suna musu kamar su dambace.

Ta tarar da dattijon a kan bencin baƙi, sandarsa tsakanin gwiwoyinsa, rigarsa ta sha guga. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa a natse, ya tambayi aiki, ya tambayi mutanen gida. Sai da gaisuwa ta ƙare tas sannan ya dube ta.

"'Yata, ni ɗan direban ne."

"Wane direba, Baba?"

"Na likita. Mai jan ƙafar nan."

Auta ta yi murmushin da ta saba yi wa masu sauraro. "Ai Baba, wasa ne. Likitan dai na gaske ne. Direban ni na ƙirƙire shi."

"Ƙafar ma ke kika ƙirƙira?" Bai ɗaga murya ba. "Ta hagu ce. Motar asibitin ce ta faɗo masa yana ƙarƙashinta yana gyara. Tun daga nan yake jan ta har ya koma ga Allah."

Murmushin ya bushe a fuskarta. A wasan rediyo kowa sai an ba shi sautin da za a gane shi da shi, tunda ba ganin fuska ake yi ba. Likita an ba shi tari kafin ya yi magana, akawu an ba shi ƙarar alƙalami a kan tebur, direba kuwa ta ba shi jan ƙafa, tana ganin dabarar kanta ce. Yanzu ne abin ya faɗo mata: Ummanta a tsakar gida, suna ƙanana, tana kwaikwayon tafiyar direban likita don ta sa su dariya su ci abinci. Ashe ba ƙirƙira ta yi ba, tunawa ta yi.

"Ni a tashar mota na yi rayuwata," in ji dattijon. "Na daina tuƙi, amma kullum ina zuwa in zauna da abokai. Tunda kuka sa aka ji ƙarar jan ƙafa a bakin sito ranar da akwatin ya ɓace, in na shigo tasha sai samari su bi bayana suna jan ƙafa. Wannan bai dame ni ba, yaro yaro ne. Amma shekaranjiya mutumin da muka yi shekaru muna cin abinci kwano ɗaya ya tambaye ni, wai akwatin yana gidanmu har yanzu? Da dariya ya faɗa, amma yana kallon idona."

"Baba, a farkon kowane kashi muna faɗa cewa labari ne ƙirƙirarre."

"Kuna faɗa. Lokacin mutane na neman wurin zama." Ya gyara riƙon sandarsa. "Ban zo faɗa ba. Ubana yana kwance a kabari, ba ya iya cewa komai, ni kuma ba ni da rediyo nawa da zan yi magana gari ya ji. Abu ɗaya nake so. In shi ne ɓarawon yau, ki faɗa mini yanzu, don in san ba zan je tasha gobe ba."

Shafukan na hannunta, da sauran ɗuminsu na inji. A shafi na ƙarshe Dogon Likita ya yi tarinsa ya nuna direba. Ta naɗe su ta matse a hammata.

"Ka ba ni zuwa yamma, Baba."

Ya dube ta, ya dubi takardun, ya miƙe. Ya yi sallama ya fita.

Manaja na cin biskit a kan takardun talla sa'ad da ta shiga. Mutum ne da ba ya son matsala ta same shi kafin ya gama shayi, kuma shayinsa ba ya ƙarewa. Ya saurare ta yana kaɗa ƙafa.

"Allah sarki," ya ce. "Ki ba shi haƙuri. Ƙarfe nawa za ku shiga ɗauka?"

"Ranka ya daɗe, so nake in canza ƙarshen. In kawo wani baƙo, ɓarawo daga wani gari."

"Baƙo? A kashi na ƙarshe? Auta, kina so a zo a ƙone mana gida? Mutane sun yi watanni suna musu, sannan ki ce musu wani ne da ba su taɓa jin muryarsa ba? Kuma ke da bakinki kika sa likita ya ce ba a fasa ƙofar sito ba, da makulli aka buɗe. Su wa ke da makulli?"

"Likita, da direba, da akawu."

"To. Likita dai kin san ko a mafarki ba zai yiwu ba, sunansa ne a kan asibiti. Ga kuma jan ƙafar nan, mun sa shi a talla safe da rana har ni ya fara shiga mini barci." Ya karkaɗe ɓurɓushin biskit daga rigarsa. "Saura akawu. Shi kuwa ba kakanki ba ne?"

Ya yi dariya, don shi a wajensa raha ya yi. Kowa a gidan rediyon ya san akawun asibitin kakan Auta ne na wajen uwa. A wasan shi ne abokin tafiyar likita, mai riƙe fitila, mai yin tambayoyin da ke ba likita damar nuna basira. Ummanta ta fi kowa son shirin saboda shi.

Ta fito ta nufi ɗakin ɗaukar murya, ba don tana da abin yi a can ba. 'Yan wasa ba su iso ba tukuna. Mai haɗa sauti ne kaɗai, wanda ake kira Ƙwaram saboda kullum wani abu na faɗuwa a inda yake. Ya baje kayansa a ƙasa: tsofaffin takalma, ƙwaryar kwakwa ta kofaton doki, ƙofar katako 'yar ƙarama mai ƙara. Yana gwada jan ƙafar direba. Ba da ƙafa yake yi ba. Wani akwatin katako ne ya zuba wa yashi, ya ɗaura masa igiya, yana ja a kan siminti, ya tsaya, ya sake ja.

Auta ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon akwatin.

"Dama da wannan kake yi?"

"Tun farko. Takalmi ba ya fita sosai a makirfo. Lafiya kike kallonsa kamar ya ci miki bashi?"

Ƙarshen ya zo mata gaba ɗaya, a shirye, kamar dama can yana jiran ta. Abin da aka ji a bakin sito ba ƙafa ba ce, akwatin ne ake ja. Direba ƙato ne, da shi ne da a kafaɗa zai saɓa shi ya wuce. Wanda zai ja akwati a ƙasa sai marar ƙarfi, siriri, mai hannun riƙe alƙalami. Komai ya zauna daram, babu abin da aka watsa a baya da zai ƙaryata shi. Ya ma fi ƙarshen da ta rubuta kyau nesa ba kusa ba, kuma wannan ne ya fi ba ta haushi.

Ta ce wa Ƙwaram ya gaya wa 'yan wasa su jira ta, ta fita ta tari bas.

Umma na falo tana jera kujerun roba. Duk ranar shirin maƙwabta mata kan taru a wajenta, ita kuma ta zauna kusa da rediyo kamar uwar biki, in akawu ya yi magana ta ɗaga yatsa a yi shiru. Hoton mahaifinta, wanda shekara da shekaru yana cikin ɗaki a bayan ƙofa, tun makon da aka fara shirin ta fito da shi falo, ta sa aka canza masa gilashi. Siririn mutum ne mai tabarau, ya ɗora hannu a kan tebur.

"Auta? Da rana tsaka? Ko an kore ki ne?"

Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafar uwar, ta faɗa mata komai, tun daga dattijon har akwatin Ƙwaram. Umma ta saurara da tsumman goge kujera a hannu.

"Ɗan direba yana raye ashe," ta ce. "Wani mai kunnuwa haka? Tare muka yi wasa a bayan asibiti. Ubansa ya sha ɗora ni a kan mota yana danna mini ham."

"Shi ne, Umma."

"Mutumin kirki ne uban. Bai taɓa ɗaukar tsinken kowa ba." Ta ci gaba da goge kujerar da ta riga ta goge. "Nawa uban ma haka. Allurar asibiti in ta faɗo a aljihunsa, komawa yake ya mayar kafin ya ci abinci."

"Na sani."

"To ki ce babu ɓarawo mana. Ki ce akwatin ɓata ya yi."

"Ba zai yiwu ba, Umma. Ko na faɗa, mutane za su ce direban ne aka rufa wa asiri."

"Wato dole sai kin ɓata ɗaya."

Auta ta sunkuyar da kai. Ta so uwar ta yi faɗa, ko ta hana ta kai tsaye, don ta samu abin fakewa. Umma ba ta ba ta wannan sauƙin ba.

"Da kika fara, kin tambaye ni? Kin ɗauko matattu kin sa su aiki, suna ta yi miki, kina shan yabo. Ni ban san yadda ake rubuta wasa ba. Ke kika ɗaura, ke za ki kwance." Ta ajiye tsumman. "Kin ci abinci?"

A bas ɗin komawa ta rubuta sabon ƙarshen a kan cinyarta, biro na tsalle duk inda taya ta faɗa rami. Da ta zo inda likita zai tambayi akawu dalili, sai hannunta ya tsaya. Ba za ta iya mai da kakanta ɓarawon kwaɗayi ba. Ta yi tunani har bas ya wuce kasuwa, sannan ta samo abin da take ganin zai wanke shi: 'yarsa ƙarama ce ke kwance da cutar, layin masu jira ya yi tsawo, ya ga ba za ta kai ba. Wane uba ne ba zai yi haka ba? Ta ji daɗin dabarar har ta ɗan saki ajiyar zuciya. Ta tabbata Umma za ta ga cewa sata ce ta ƙauna.

Wanda ke fitowa a akawu, da ya karanta, sai da ya yi tsalle. Watanni yana riƙe fitila yana cewa "Ta yaya ka gane, likita?", yau ga shi da kuka da rantsuwa da shafi guda nasa shi kaɗai. Wanda ke fitowa a direba kuwa ya ɓata rai, don ya kwana biyu yana gwada yadda zai faɗi a gaban likita. Manaja ya leƙo da kofinsa, ya ji gwaji ɗaya, ya ce, "Kai! Yarinyar nan ba ki da imani," yana nufin yabo. Aka ɗauka, aka gyara, aka miƙa wa mai watsawa rana na shirin faɗuwa.

Da ta so, da ta zauna a ofis ta saurara. Ta koma gida.

Falon ya cika. Matar mai shagon kusa da su ta zo da ƙanwarta, ga malamar makarantar da ke haya a bayansu, ga wata tsohuwa da ba ta ji sosai amma ba ta taɓa fashi ba. Suka yi wa Auta caa, kowa na cewa ai ita tun tuni ta san direban ne. Umma na kusa da rediyo, ta sa mayafinta mai kyau. Ba ta dubi 'yarta ba.

Kiɗan shirin ya tashi. Mai gabatarwa ya faɗi cewa labari ne ƙirƙirarre, daidai lokacin da ake gyara kujeru ana cewa a matsa. Likita ya tara mutane a sito. Ya sa direba ya ɗaga wani akwati, direba ya saɓa shi kamar matashin kai. Ya yi tarinsa, ya ce wa akawu shi ma ya gwada. Sai ƙarar nan ta cika falon, katako a kan siminti, a ja, a tsaya, a sake ja.

"La'ilaha!" in ji matar mai shago, ta dafe ƙirji.

Akawu ya fashe da kuka. Ya ce 'yarsa ce, 'yarsa guda ɗaya, jikinta ya yi zafi kamar garwashi, ya duba layi ya ga ba za ta kai ba. Likita ya tambaye shi yaran da suka mutu suna jira fa, su ba 'ya'yan kowa ba ne? Ɗan wasan ya yi aikinsa da kyau, har malamar makaranta na share ido. Kiɗan rufewa ya shigo.

Umma ta miƙa hannu ta kashe rediyon. Tsohuwar da ba ta ji sosai ta jawo hannun ƙanwar matar mai shago, aka yi mata bayani a kunne da ƙarfi, yadda kowa ya sake jin komai. Ta gyaɗa kai, ta dubi hoton, sannan ta dubi Umma tun daga sama har ƙasa.

"Allah sarki," ta ce. "Ashe ke ce yarinyar. To ai ga shi maganin ya yi amfani."

"Wasa ne fa, Iya," in ji Auta da sauri. "Ni na ƙirƙira. Babu akwatin da ya taɓa ɓata."

"Ai mun sani, mun sani," in ji matar mai shago, tana neman takalminta da ƙafa. "Wa zai riƙe wannan? Abin da ya wuce ya wuce. Kuma ai don 'yarsa ya yi."

Suka fita ɗaya bayan ɗaya, sallamarsu a gajarce. Ba a kai ƙofar gida ba aka fara ƙus-ƙus.

Wayar Auta ta yi ƙara. Mai gadi ne. Ya ce dattijon nan ya dawo tun la'asar, a bencin baƙi ya saurari shirin a rediyon ɗakin gadi, da aka gama ya share fuska da hularsa ya ce a gaishe ta, a ce gobe da sassafe zai je tasha. Ta ce ta gode, ta kashe.

Umma na tattara kujeru tana ɗora wata a kan wata. Auta ta tashi za ta karɓa, uwar ta ƙi saki.

"A shekarar annobar ko ciwon kai ban yi ba," in ji Umma, muryarta a kwance. "Ƙanena ne ya kamu. Babanmu ya bi layi da shi kamar kowa, yana da makullin sito a aljihu. Bai kai ba."

Auta ta ɗago ta dube ta. Ba ta taɓa jin Umma na da ƙane ba.

"Ba ki taɓa faɗa mini ba."

"Ba labarin sa yara dariya ba ne." Ta ɗora kujera ta ƙarshe. "Na ɗauka ubana kaɗai za ki ɗauka. Shi na riga na ba ki shi tun da rana, da ban ce a'a ba. Ban san har da ni za ki haɗa ba. Yanzu duk wadda ta gan ni a layi za ta ce ga wadda ta rayu da maganin 'ya'yan mutane."

"Umma, don in sassauta ne na..."

"Na sani." Ta tsaya tana duban bango. "Wa ya kira ki?"

"Mai gadi. Ɗan direban ne ya saurara a can."

"Ya ji an wanke uban nasa?"

"Ya ji. Ya ce gobe zai je tasha."

Umma ta gyaɗa kai a hankali, ta cire mayafin mai kyau ta ninke shi a kan hannunta.

"To madalla," ta ce. "Hau kujera ki sauko mini da hoton nan, ki mai da shi ɗaki inda yake. Gobe za su fara zuwa kallonsa."